Yoyon Shokazobar Malamin Lissafi

Baba Sannu-Sannu bai gama share ƙofar shago ba ranar Asabar da safe, sai ya hango malamin lissafi yana tahowa, yana tura kekensa da hannu. Fuskar bai gane ta daga nesa ba, amma ya gane tafiyar, ya kuma gane keken, don ba a yi cikakken mako biyu da fitarsa daga hannunsa ba. Ya jingine tsintsiya a bango, ya goge hannu a gaban riga.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran keke a wannan ɗan shagon da ke tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Sunan Sannu-Sannu masu kawo aiki ne suka liƙa masa, don facin da wani zai yi a minti goma shi sai ya cinye rabin awa a kansa, yana shafawa, yana sansanawa, yana kara taya a kunne kamar za ta gaya masa wani sirri. Ana yi masa tsiya, amma ana dawowa, saboda abin da ya ɗaure ba ya kwancewa. Inda aka samu matsala shi ne idonsa. Tun bara na hagu ya fara gani dishi-dishi, bana kuma abin ya leƙa na dama. 'Ya'yansa suka taso shi a gaba a kan ya rufe shago ya huta. Wadda ta fi kowa naci ita ce Auta, ma'aikaciya a ɗakin gwajin jini na asibiti, uwar 'ya'ya biyu, mai bakin da kowa ya san a wurinsa ta gaje shi. Asibiti ya ƙi zuwa, don ya san abin da za a ce masa. Da ta ishe shi, wata rana a gaban yayyenta ya yi alkawari: ranar da aiki ya dawo masa saboda kuskuren idonsa, ranar zai miƙa mata makullin shagon da hannunsa, ba sai an roƙe shi ba. Wata biyar ke nan ko noti ɗaya bai dawo ba. Shi kuwa Baba, a faɗi duk abin da za a faɗa game da taurin kansa, ba ya magana biyu.

Keken malamin ba irin waɗanda Baba ya girma a kansu ba ne. Keken hawan dutse ne mai faffaɗar taya, ƙafafunsa biyu na gaba, waɗanda ke riƙe da tayar, suna nutsewa suna tasowa in an taka dutse. Ita ce shokazoba. Kowace ƙafa sanda ce mai santsi da ƙyalli a sama, tana shigewa cikin kube a ƙasa. A bakin kuben akwai zoben roba da masu gyara ke kira sil, aikinsa ya tsare mai a ciki, ya tsare ƙura a waje. Malamin yana koyarwa ne a wata makaranta can saman tudu, kullum ya hau da safe ya gangaro da yamma, ta hanyar da ko akuya sai ta duba kafin ta taka. Sil ɗin nan biyu su Baba ya canza masa, ya zuba sabon mai.

Malamin ya gaishe shi har da rusunawa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya shiga kame-kame. Ya ce tun ranar Talata ya lura da danshin mai a jikin sandunan. Ya goge, washegari ya sake gani. Ya sake gogewa, ya sake gani. Jiya kuma ya tarar man ya gangaro ta ƙafar hagu har ya kusa faifan birki, shi ya sa yau bai hau ba.

"Baba, ba ƙorafi na kawo ba," in ji shi. "Na ce dai bari ka duba, ko ni ne na yi wani abu ba daidai ba."

Da ma zagi ya yi, da ya fi wa Baba sauƙi. Ya sunkuya ya ɗora yatsa a kan sandar dama, ya ji santsi. Ya taɓa ta hagu, ita ma haka. Nan take ya ga ranar da ya yi aikin kamar yanzu: yamma ta yi, haske ya ragu a shagon, shi kuma yana tura sil da babban yatsa yana dogara da ji. Akwai wani ɗan siririn zoben waya a bakin kowane sil, in ya goce ko leɓen robar ya naɗe, mai ido zai gani nan da nan. Shi a ranar bai gani ba, ya ji ne kawai.

Shaiɗan bai yi ƙasa a gwiwa ba. Malamin bai san da wani alkawari ba. Auta na can gidanta, unguwa uku tsakani. Sabbin sil na nan cikin gwangwani, awa biyu sun isa a canza, a ce wa malami robar ce ta zo da matsala daga kamfani, kowa ya kama gabansa. Baba ya tsaya da yatsa a jiƙe yana wannan lissafin, kuma ya daɗe yana yinsa fiye da yadda zai so a sani. Abin da ya katse shi faifan birkin nan ne. Mai in ya taɓa birki, birki ya tashi daga aiki, mutum kuma yana gangarowa daga tudu da jakar littattafai a baya da mata mai jego a gida. In idonsa ne ya jawo wannan, to gobe wani zai jawo wa.

Ya ciro waya daga aljihu, ya danna lamba ɗaya, wadda Auta ta saita masa don kada ya sha wahalar neman suna.

"Aiki ya dawo," ya ce mata.

Ta ce ga ta nan.

Bai taɓa keken ba kafin ta iso. Ya jingine shi a tsakiyar shago, ya ba malamin kujera, ya zauna a kan bokitin da ya kife, ya gaya masa zancen alkawarin a taƙaice. Malamin ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce shi wallahi da ya sani da ya kai wani wuri, Baba ya ce ai shi ya sa gara da bai sani ba. Mai walda na ta ƙona ƙarfe a maƙwabta, su biyun suna zaune suna kallon keke kamar masu jinya.

Auta ta sauka daga mota ta tsallako titi da sauri. Baba ya shirya wa ganin fuskar wadda ta ci nasara, har ya tanadi amsar da zai ba ta. Sai ta durƙusa ta gaishe shi da murya a sanyaye, ta ce ba lallai sai yau ba, a bari a yi maganar a gida. Wannan ya fi ba shi haushi. Ya ce yau ɗin za a yi, a gabanta kuma, don kada gobe wani ya ce tsoho ya share sawu. Ta tsaya ta zama shaida, shi ke nan abin da ya kira ta ta yi.

Ya ɗaga keken ya rataye shi a ƙugiyar aiki. Ya ce musu mai ba ya fita daga shokazoba sai ta ƙofa uku: ko ta notin da ke ƙarƙashin kowace ƙafa, ko ta bakin sil, ko ta murfin da ke can sama kusa da wuyan keke. Kuma ba a gogewa kafin a bi sawu, kuskuren da malam ya yi ke nan har sau biyu. Malamin, wanda ya saba shi ke faɗa wa mutane kuskurensu, ya gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya.

Ya fara daga ƙasa. Ya shafa notin dama, ya shafa na hagu, ya murza yatsunsa kusa da kunne. Busasshiyar ƙura ce, har ƙara take. Ya bi jikin kuben hagu zuwa sama, ya sami layin man da ya gangaro, ya bi shi a hankali har bakin sil. A nan ya tsaya, don a nan yake tsammanin hukuncinsa. Bakin robar a jiƙe yake sharkaf, ƙura ta haɗu da mai ta zama taɓo. Ya ci gaba. Sandar a jiƙe take, tsakiyarta a jiƙe, samanta a jiƙe, har can ƙarƙashin kafaɗar da ta haɗa ƙafafun biyu, har ma bisa kafaɗar. Ya koma ƙafar dama, ya sami abu ɗaya. Ya ɗan yamutsa fuska.

Ya nemi farar takarda. Malamin lissafi ba ya rabo da littafi ko da wanka zai shiga, nan da nan ya yago shafi daga tsakiya. Baba ya naɗa takardar a jikin sandar, ya danna, ya ciro, ya kai hanci. Ya ji wani ƙamshi can ƙasa-ƙasa, kamar na hoda, wanda ba shi da alaƙa da shagon gyara. Ya ɗauka ko daga jakar Auta ne. Ya ajiye takardar a kan teburi, ya ɗora sifana a kai don kada iska ta ɗauke.

Sai yanzu ya goge. Ya wanke sandunan da tsumma mai tsabta har suka yi ƙara a ƙarƙashin yatsa, ya sauke keken, ya ce malam ya kama birki ya danna kan keken da dukkan nauyinsa sau hamsin. Malamin ya naɗe hannun riga ya shiga dannawa yana ƙirgawa da ƙarfi. A talatin da takwas ya fara haki, a arba'in da biyar Auta ta ce ai ya isa, malamin ya ce hamsin aka ce. Da ya cika, Baba ya bi sandunan da bayan yatsa. Wani ɗan laushi kawai ya ji, irin wanda kowace lafiyayyar shokazoba ke bari. Babu ɗigo, babu zoben mai.

Malamin ya fara murmushi. Baba ya ce ya mayar da haƙoransa tukuna, dannawa hamsin a cikin shago ba ita ce gangaren tudu ba, sil mai ciwo yakan yi kawaici a inuwa ya tona asiri a kan dutse. Ba ya son a yi masa alfarma, kuma ba zai yi wa kansa ba.

Ya buɗe ɗan murfin da ke saman ƙafar hagu ya saki iskar da ke ciki, shokazobar ta yi huci ta zube. Ya danna ta har ƙarshe, iyakar inda za ta iya nutsewa, ya kama yatsan Auta ya ɗora a kan sandar. Tsakanin bakin sil da kafaɗa akwai ragowar wuri, faɗin yatsa guda, inda robar ba ta taɓa kaiwa.

"A nan ma na sami mai ɗazu," ya ce. "Har sama da nan. Man da ya fito daga sil iyakarsa inda sil ya kai shi. Ba ya hawa da ƙafarsa."

Ya tambayi malam ko yana kifa keken a kan sirdi, ko yana rataye shi ta tayar gaba, abin da zai sa mai ya gangaro wajen kafaɗa. Malamin ya ce bai taɓa ba. Saura murfin sama ke nan. To amma ƙafar dama ce kaɗai ke da mai a ƙarƙashin murfinta, ta hagu iska ce zalla, ga shi yanzu suka ji fitarta. Kuma duka biyun sun jiƙe daidai wa daida, kamar an auna. Baba ya zagaya bakin murfin dama da farce, ya ji shi a bushe. Wani abu ya fara motsi a ƙirjinsa, ya danne shi, don ya san yadda sa rai ke sa mutum ya ga abin da babu.

Ya ce gwaji ɗaya ya rage, wanda ba ya ƙarya. Abin da ya zuba ya san yawansa. In ya tsiyaye abin da ke ciki ya auna, za a ga ko an yi asara. Kwana huɗu ana goge mai kamar wannan, da daga ciki yake fitowa, da yanzu kuben ya kusa bushewa.

Ya cire tayar gaba, ya sa kofi mai tsabta a ƙasa, ya kwance notin ƙafar hagu, ya ɗan buga shi. Mai ya tsiyayo siriri. Ya jira har ɗigon ƙarshe, jiran da ya sa malamin duba agogo sau biyu. Sannan ya ɗauko babban sirinji, wanda Auta ce ma ta kawo masa shi tun da daɗewa, ya zuƙe man kaf, ya miƙa mata ya ce ta karanta.

Ta karɓa, ta juya shi, sai babban yatsanta ya ci karo da wani ɗan tsagi a jikin robar. An goga shi ne da zarto, daidai kan layin goma. Ta dube shi, ta dubi mahaifinta. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi shagon, wanda ta sha shiga tana faɗa ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba. Kowace sifana a bango da zare naɗe a wuyanta, wata zagaye ɗaya, wata biyu, wata uku. Gwangwanayen noti kowanne da yawan tsaginsa a baki. Tiren da yake zuba ƙananan kaya an shafe shi da farin fenti don baƙin ƙarfe ya fito. Har bakin teburi an kafa masa ƙusoshi a jere, tazara ɗaya, wurin awo. Baba ya ji shirun nata, ya san abin da take kallo, ya kuma ji kunya kamar an leƙo shi yana wanka.

"Ki karanta mana," ya ce.

"Tara da ɗan wani abu," ta ce.

"Goma na zuba. Akwai soso a ƙarƙashin sil, yana shan nasa."

Ƙafar dama ma tara da ɗan wani abu ta bayar. Man yana nan, ja-ja kamar yadda ya shiga. Malamin ya ce to in na ciki yana ciki, na wajen daga ina? Baba ya ɗage sifana daga kan takardar nan, ya kai ta kusa da ido, ya nesanta, ya sake kusantowa. Tabo yake gani, amma ko ja ne ko fari, ba zai rantse ba. Ya miƙa wa Auta ya gaya mata gaskiya, ya ce launin ya fi ƙarfinsa.

Ta fita bakin ƙofa ta ɗaga takardar a rana, yadda take ɗaga gilashin gwaji a wurin aiki. Ta ce wannan man ba shi da launi ko kaɗan, fari ne kamar ruwa. Ta ƙara matsowa da ita. Ta ce akwai wasu 'yan abubuwa manne a ciki, gajeru ƙwarai, baƙaƙe, da 'yan farare jefi-jefi. Ta ɗauki ɗaya a kan farce ta juya shi.

"Baba, gashi ne. Gashin da aka aske."

Malamin ya dafe goshi ya zauna. Ya ce shi a hawa na uku yake zaune, kuma da yana ɗaukar keken a kafaɗa ya hau da shi kullum. Ranar Litinin bayansa ya riƙe, sai mai askin da ke ƙasan benen ya ce ya riƙa barin keken a shagonsa yana kwana, da safe ya ɗauka. Ranar Talata aka fara ganin mai.

Baba ya nemi bokitinsa ya zauna. Ya sauke wata ajiyar zuciya wadda tun safe take tokare da shi. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa a kan aiki ba, har hawaye suka taru masa, ya ce ƙurar mai walda ce. Aikinsa lafiya lau yake. Sil ɗin da ya sa da ji, a cikin duhun yamma, sun zauna daram. Ya yi hamdala a fili, ya sake yi, sannan ya tashi ya ce ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, sai sun ji daga bakin mai askin.

Amma fa sai da ya mayar da komai tukuna, kuma da irin saurinsa. Ya wanke bakin sil, ya zuba sabon mai daidai tsagi, ya ɗaure, ya buga iska, ya wanke faifan birki, ya ciro robobin birkin ya sansana, ya ce Allah ya taimaka man bai kai gare su ba. Auta, wadda ba ta taɓa zama minti goma a shagon ba tare da ta yi mita ba, ta riƙe masa tocila har aka gama.

Shagon askin titi uku ne daga nan. Suka tafi a ƙasa, malam na tura keke, wannan karon da fara'a. Mai askin wani kakkauran mutum ne mai yawan dariya, yana kaɗe kujera da tawul suka shiga. Da ya ga keken ya washe baki kamar ya ga ɗansa. Malamin ya fara zagaye-zagaye, Baba ya tare shi ya tambaya kai tsaye, ko akwai wanda ke sa wa sandunan nan mai.

"Ni ne mana," in ji mai aski, yana buga ƙirji. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai dogon baki daga gaban madubi. "Man kilifa ne, mai kyau. Kullum da safe in na ɗiga wa injinana sai in ɗiga masa, uku nan, uku nan, daga sama, in bi da tawul. Na ga ƙarfe yana shiga ƙarfe a bushe, raina bai ba ni in bar shi haka ba. Ban gaya wa malam ba ne don kada ya ce zai yi godiya."

Auta ta juya baya tana kallon hotunan aski a bango, kafaɗunta na rawa. Malamin ya cije leɓe. Baba kuwa bai yi dariya ba, don ya san halin. Mutumin da ya shekara ashirin yana ciyar da ƙarfe mai kowace safiya ba zai iya kwana da ƙarfe mai motsi a ɗaki ya hana shi ba. Shi ma da an bar masa kilifa a shago, da ya cika ta da giris. Ya yi masa bayani a hankali, cewa wannan ƙarfen yana shan mansa ne daga ciki, na waje kuwa ƙura yake kamawa, ƙurar ta ci robar, in kuma ya gangaro ya taɓa birki, to malam ba zai tsaya ba sai a gindin tudu.

Fara'ar mai aski ta ɗauke. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa, ya dubi malam, ya ce innalillahi, ashe kashe maƙwabcinsa yake shirin yi da alheri. Ya shiga ba da haƙuri, malam na cewa ba komai, shi yana ƙarawa. Da ya ji labarin alkawarin kuma, da yadda ɗigonsa shida suka kusa rufe shagon shekara talatin da huɗu, sai ya rantse Baba ba zai fita ba sai ya yi masa aski. Baba ya ce kansa bai taru ba. Mai aski ya ce ko gashi uku ne sai ya daidaita su. Kafin a ankara ya zaunar da shi, ya yafa masa zane, ya ɗaure a wuya.

Malamin ya yi sallama, ya hau kekensa, suka ji shi ya sauka daga dakalin ƙofa, shokazobar ta nutse ta taso ba ƙara.

Kilifa ta fara kuka a bayan kunnen Baba. Ya jingina, jikinsa ya saki, ya dubi babban madubin da ke gabansa. Rabon da ya zauna gaban madubi irin wannan ya fi shekara, a gida yake aske kansa da ji. Ya ga farin zane, ya ga wani dunƙule a samansa wanda ya san kansa ne. A bayansa, kan benci, ya ga shuɗin mayafin Auta da jakarta a cinya. Ya nemi fuskarta bai samu ba. Taku uku ne tsakaninsu, da rana tsaka, ga fitila a kunne, amma bai iya cewa ko murmushi take ko kuka ba.

Ya daɗe da sanin haka. Faɗa ne bai iya ba, muddin faɗar na nufin ya sha kaye. Yau kuwa ba wanda ya kayar da shi, shagonsa nasa ne, aikinsa ya tsaya a gaban shaidu. Sai ya ji maganar ta zo masa da sauƙi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Likitan idon nan na asibitinku, wace rana yake zama?"

Mai aski ya ɗaga kilifa daga kansa. Baba ya ji Auta tana neman wani abu a jaka, ya ji ta ja hanci.

"Talata da Alhamis," ta ce.

"To Alhamis. Talata akwai keke biyu da na yi wa mutane alkawari."

"Alhamis ɗin," ta ce. "Zan zo in ɗauke ka da safe. Ka rubuta a ƙofa cewa za ka dawo."

Ya ce ita za ta rubuta, rubutunta ya fi nasa kyau. Mai aski ya share maƙogwaro, ya dafa kan Baba da tafin hannu ya karkata shi gefe, ya ce ya daina motsi haka nan, in ba so yake a fitar da shi da kunne ɗaya ba.